MiG-17: Tarihi da Ƙirar Jirgin Yaƙin da Aka Harhaɗa a Kano

1.0 Gabatarwa

Kalmar "jirgi" ta daɗe a bakin Bahaushe tun kafin zuwan Turawa, amma a da ma'anarta ba ta wuce kwalekwalen da ake fito da shi a gulbi ba. Da dogo ya iso Kano a 1911 sai aka sami "jirgin ƙasa", daga baya kuma "jirgin sama" ya biyo. A yau kalmar ta haifi 'ya'ya da yawa, irin su "jirgin yaƙi" da "jirgi mai saukar ungulu" da "jirgi maras matuƙi". Mazauna Kaduna kuwa, tun daga Mando da Kawo a arewa har zuwa Kakuri da Television a kudancin kogi, sun saba da rugugin jiragen mayaƙan sama, domin a garinsu ne aka kafa tushen horar da wannan runduna. Amma duk da wannan sabo, ba kasafai ake samun bayani da Hausa a kan yadda aka ƙera waɗannan jirage da dalilin da ya sa aka yi musu irin siffar da suke da ita ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki jirgi guda ɗaya, watau MiG-17, ta bi asalinsa, ta fayyace ƙirarsa gaɓa-gaɓa, sa'an nan ta duba aikin da ya yi a Nijeriya. An zaɓe shi ne domin yana cikin rukunin farko na jiragen yaƙi masu injin jet da ƙasar nan ta mallaka, kuma a Kano aka harhaɗa shi. Abin da za a nuna shi ne, kowace gaɓa ta jirgin yaƙi amsa ce ga wata buƙata ta ƙasar da ta ƙera shi, don haka wanda ya saye shi ya sayi amsar tambayar da wataƙila ba tasa ba ce.

2.0 Jirgin Sama a Ƙasar Hausa Kafin 1967

Cikin watan Nuwamba na 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, wasu jirage uku na mayaƙan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka taso daga Masar suka sauka a Kano a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ke nan jiragen da Kanawa suka fara gani na soja ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1940, Kano da Maiduguri sun zama zango ga jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Njamena, wadda a lokacin ake kira Fort Lamy, har zuwa Masar. Duk waɗannan masu farfela ne.

Bayan samun mulkin kai, an kafa rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya bisa doka a watan Afrilu na 1964, da taimakon Jamus ta Yamma. Shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz, kuma a Kaduna aka yi sansanin horo. A wannan shekarar ce kuma aka kafa masana'antar makamai ta DICON da ke Kakuri. Sai dai jiragen da aka fara da su, irin su Piaggio P.149D da Dornier Do 27, na koyon tuƙi ne da 'yan aike-aike. Jamusawa suka janye a 1966, sa'an nan yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, alhali rundunar ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya.

3.0 Asalin MiG-17

Sunan "MiG" an ciro shi ne daga sunayen injiniyoyi biyu na Tarayyar Sobiyat, Artem Mikoyan da Mikhail Gurevich, waɗanda ofishinsu na zanen jirage ya fara aiki a ƙarshen 1939. A wannan shekarar ce jirgin jet na farko a duniya, Heinkel He 178, ya tashi a Jamus ranar 27 ga Agusta. Da aka ƙare Yaƙin Duniya a 1945, babbar fargabar Rasha ita ce manyan jiragen Amurka masu jefa bom, irin su B-29 wanda ya jefa bom ɗin nukiliya a Japan. Saboda haka abin da mahukuntan Mosko suka nema shi ne ƙaramin jirgi wanda zai tashi da gaggawa, ya hau sama ƙwarai, ya cim ma babban jirgi, ya kakkaɓo shi da harbi kaɗan, ya komo gida. Wannan buƙata ita ce uwar ƙirar gaba ɗaya, kuma yana da kyau a riƙe ta a zuci.

Matsalar Rasha a lokacin ita ce rashin inji nagari. A 1946 gwamnatin Ingila ta yarda a sayar mata da injin Rolls-Royce Nene. Injiniyoyin Rasha suka warware shi, suka kwaikwaye shi, daga bisani ofishin Vladimir Klimov ya inganta shi ya zama VK-1. Da kwaikwayon wannan inji aka yi MiG-15, wanda ya fara tashi ranar 30 ga Disamba, 1947. A yaƙin Koriya ya cika aikin da aka yi shi dominsa, don kuwa zuwa ƙarshen 1951 ya tilasta wa jiragen B-29 barin kai hari da rana.

Amma MiG-15 yana da aibu. Idan gudunsa ya kusanci saurin sauti sai ya fara kakkarwa, ya riƙa karkata gefe guda, ya ƙi bin umarnin matuƙi. Domin magance wannan ne aka sake masa fiffike da wutsiya, aka ƙara masa tsawo. Sabon samfurin ya fara tashi a watan Janairu na 1950 a hannun matuƙin gwaji Ivan Ivashchenko, wanda ya rasa ransa a cikinsa cikin watan Maris na wannan shekara. Aka gyara abin da ya jawo haɗarin, jirgin ya shiga aikin soja a 1952 da sunan MiG-17. An ƙera fiye da 10,000, idan aka haɗa da waɗanda aka yi a Folan da sunan Lim-5 da na ƙasar Sin masu suna J-5.

4.0 Ƙirar Jirgin

Alkaluman da za a kawo a nan na samfurin MiG-17F ne. Tsawonsa ya ɗara mita 11 kaɗan, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 9.6, tsayinsa daga ƙasa mita 3.8. Nauyinsa ba mai ba makamai kimanin kilo 3,900 ne, idan an yi masa cikakken lodi kuwa yakan kai kilo 6,000. Iyakar gudunsa kilomita 1,145 a awa, watau zai iya zuwa Kaduna daga Kano cikin kimanin minti 11, kuma yakan hau sama har mita 16,600.

4.1 Inji

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san rabin sirrin injin jet. Maƙeri yakan matsa zugazugi ya tura iska cikin gawayi, wuta ta ƙara ƙarfi. Injin jet ma iska yake zuƙa ta gaba, ya matse ta, ya fesa mata kananzir, ya cinna wuta. Iskar da ta ƙone takan kumbura ta nemi mafita, sai a bar mata ƙofa ɗaya tak ta baya. Ƙarfin da ta fita da shi ta baya, shi ne daidai ƙarfin da ke tunkuɗa jirgin gaba, kamar yadda bindigar toka ke naushin kafaɗar maharbi sa'ad da harsashi ya fita. Kafin iskar ta fice takan juya wata fanka, ita kuma fankar tana haɗe da mamatsar iska ta gaba da sandar ƙarfe guda. Ta haka inji ke ciyar da kansa da kansa muddin akwai mai.

Mamatsar iska iri biyu ce. Akwai wadda ke da jerin fankoki, kowace tana miƙa wa ta bayanta iska, akwai kuma mai faifai guda wanda ke juyawa ya watsa iska zuwa gefe. Injin VK-1 mai faifai ne. Irin wannan ba ya kai na farkon ƙarfi, kuma yana da ƙiba, abin da ya sa gangar jikin MiG-17 ta yi kama da ganga. Amma yana da juriya ga ƙura da tsakuwa, ba shi da wuyar gyara. Bakin shaƙar iska yana a hancin jirgin, daga nan hanyar ta rabu biyu, ta kewaye mazaunin matuƙi dama da hagu, ta sake haɗuwa a wurin inji.

Abin da ya bambanta samfurin F, wanda ya fito a 1953, shi ne murhu na biyu da aka ƙara a bututun baya. Iskar da ta fito daga inji ba ta gama ƙonewa ba, don haka idan aka sake fesa mata kananzir a nan sai ta sake kamawa. Wannan yakan ɗaga ƙarfin tunkuɗa daga kimanin kilo 2,600 zuwa kilo 3,380. Sai dai yana shan mai ainun, ga shi kuwa tankunan cikin jirgin ba su wuce kimanin lita 1,400 ba. Shi ya sa ake rataya masa ƙarin tankuna biyu a ƙarƙashin fukafukai, waɗanda matuƙi zai iya yarwa idan faɗa ya taso.

4.2 Fukafukai

Sauti yana tafiyar kimanin kilomita 1,225 a awa kusa da ƙasa. Jirgin da ke tafiya a hankali, iskar da ke gabansa takan sami sararin kaucewa, kamar yadda ruwa ke darewa a gaban kwalekwale. Amma idan ya kusanci saurin sauti, iskar ba ta samun wannan sarari, sai ta cunkushe a kan fiffike ta zama kamar bango. Daga nan ne kakkarwa da ƙin juyawa ke tasowa.

Maganin da wani masani Bajamushe, Adolf Busemann, ya gabatar a wani taro a birnin Rum a 1935 shi ne a karkatar da fiffike baya. Duk wanda ya lura da shaho ya ga haka: idan yana shawagi yakan shimfiɗa fukafukansa, idan kuwa zai kai sura sai ya maƙale su baya. Fiffiken da aka karkatar yakan yanki iska a kaikaice, don haka cunkoson ba ya faruwa sai gudu ya ƙara yawa. Karkatar fiffiken MiG-15 digiri 35 ce. A MiG-17 an mai da ita digiri 45 daga jikin jirgin zuwa tsakiya, da digiri 42 daga nan zuwa baki, aka kuma rage masa kauri.

Kowane magani da irin cutar da yake jawowa. A kan karkataccen fiffike iska takan so ta zurare zuwa baki maimakon ta bi ta kai zuwa baya, kuma idan ta taru a baki sai wurin ya daina ɗaukar nauyi, jirgin ya ɗaga hanci ba da son matuƙi ba. Domin hana wannan aka kafa wasu siraran faranti a tsaye a kan kowane fiffike, daga gaba zuwa baya. Aikinsu ɗaya ne da na kunya a gona, wadda ke tsare ruwan sama a cikin kwari ya bi inda manomi ke so. MiG-15 yana da biyu a kowane fiffike, MiG-17 yana da uku, kuma da wannan ake saurin bambanta su a hoto.

4.3 Makamai

A ƙarƙashin hancin jirgin akwai igwa uku: babba ɗaya mai bakin milimita 37 da harsashi 40, da ƙanana biyu masu bakin milimita 23, kowace da harsashi 80. Harsashin babbar ya kusa kashi uku cikin huɗu na kilo, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya karya fiffiken babban jirgi. Amma da yake tana fitar da kimanin 400 a minti, harsashin nata duka yakan ƙare cikin daƙiƙa shida. Duk igwan uku da akwatunan harsashinsu suna kan tire guda, wanda ake saukewa ƙasa da igiyar ƙarfe a sake cikawa a mayar cikin ɗan lokaci. Bom kuwa biyu kawai yake ɗauka, kowane bai wuce kilo 250 ba, kuma a maratayar tankunan ƙarin mai ake rataya su. Ke nan dole a zaɓi ɗaya, ko nisan tafiya ko nauyin bom.

4.4 Mazaunin Matuƙi da Sauƙin Gyara

Mutum ɗaya jirgin ke ɗauka. Mazauninsa a toshe yake, ana cusa masa iska domin numfashi a can sama, gilashin gaba mai kauri ne saboda harsashi, kujerarsa kuma tana iya cilla shi waje ya sauka da laima idan jirgin ya lalace. Gangar jikin takan rabu biyu daga bayan fukafukai, a janye rabin baya, inji ya fito fili ga makanikai. Ƙafafunsa uku masu ƙwari ne, suna jure filin da bai da kyau. Abin da yawancin samfuransa ba su da shi shi ne na'urar rada mai gano jirgi a cikin duhu ko gajimare. An yi wasu masu ita, irin su MiG-17PF, amma gama-garin jirgin da idon matuƙi yake aiki, kuma a ƙasarsa ta asali jami'an da ke ƙasa ne ke yi masa jagora ta rediyo har ya hango abokin gaba.

5.0 MiG-17 a Yaƙin Basasar Nijeriya

A farkon yaƙi ɓangaren Biyafara ne ya riga kai hari ta sama, da wani tsohon jirgi samfurin B-26 wanda ya kai farmaki filin jirgin Makurɗi a watan Yuli na 1967. Gwamnatin Manjo-Janar Yakubu Gowon ta nemi jiragen yaƙi daga Ingila da Amurka ba ta samu ba, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyat. Cikin watan Agusta na 1967 manyan jiragen dakon kaya samfurin An-12 suka fara sauke MiG-17 a warware a filin jirgin saman Kano, tare da MiG-15UTI mai kujera biyu na koyarwa, ma'aikatan Rasha suka harhaɗa su a nan. An kuma sami L-29 daga Cekosulobakiya, sa'an nan a 1968 aka ƙara da Il-28 masu jefa bom. Da yake ba a riga an horar da 'yan ƙasa a kan irin waɗannan jirage ba, da farko matuƙa daga Masar da sojojin haya daga wasu ƙasashe ne suka tuƙa su, kafin 'yan Nijeriya su karɓa sannu a hankali.

A nan ne hikimar karin maganar nan ta bayyana, cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Jirgin da aka yi domin farautar manyan jirage a can ƙololuwar sama da rana tsaka, sai ga shi a yaƙin da babu irin wannan abokin gaba. Ayyukan da ke gabansa biyu ne, kuma ƙirarsa ba ta dace da ko ɗaya ba.

Na farko shi ne kai hari ƙasa. Jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa yakan shafe fiye da mita 220 a daƙiƙa guda. A kan ƙasa mai duhuwar daji da yawan hadari, matuƙin da ba shi da mataimaki, wanda wataƙila ma baƙo ne a ƙasar, ba shi da isasshen lokacin da zai tantance sansanin soja daga kasuwa. Wannan gazawa, haɗe da sakacin wasu matuƙa, ta jawo hare-haren jiragen tarayya sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci da gidajen jama'a, fararen hula da yawa suka hallaka, abin da ya ɓata sunan gwamnatin tarayya a idon duniya.

Na biyu shi ne toshe filin Uli, wani yanki na titin mota da Biyafara ta mayar filin jirgi, inda makamai da kayan agaji ke shiga. Da dare jiragen ke sauka, MiG-17 kuwa ba ya gani a duhu, don haka filin ya ci gaba da aiki har ƙarshen yaƙi a watan Janairu na 1970. Ranar 5 ga Yuni, 1969, wani MiG-17 ya tari jirgin DC-7 na ƙungiyar agaji ta Red Cross kafin duhu ya gama rufawa, ya harbo shi kusa da Eket, ma'aikatansa duka suka mutu. A watan Mayu na wannan shekara kuma Carl Gustaf von Rosen, ɗan ƙasar Suwidin, ya zo wa Biyafara da ƙananan jirage biyar masu farfela, samfurin MFI-9, waɗanda gudunsu bai kai rubu'in na MiG ba. Suka riƙa bin saman itatuwa suna kai hari filayen Fatakwal da Binin da Inugu, suka lalata jirage a ƙasa.

Ba za a ce laifin jirgin ba ne. A Biyetnam, inda ya sami abokan gaba a sama da kuma jagora daga ƙasa, ya yi rawar gani, har ya harbo jirage biyu na Amurka samfurin F-105, waɗanda suka fi shi gudu nesa ba kusa ba, ranar 4 ga Afrilu, 1965. A Nijeriya ma ya hana Biyafara sakewa a sama da rana, kuma juriyarsa ta sa ya yi aiki a filayen da jirgi mai laulayi ba zai iya ba.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

A 1975 Nijeriya ta karɓi MiG-21, mai fiffike kusurwa uku, wanda ke ninka saurin sauti sau biyu, aka ajiye MiG-17. Ana iya ganin ɗaya daga cikinsu a gidan tarihin yaƙi da ke Umuahiya. Cikin shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet da Jaguar. Zuwa shekarun 1990 MiG-21 da Jaguar sun daina tashi, galibi saboda rashin kuɗi da kayan gyara, alhali Alpha Jet, wanda ya fi su sauƙi da rashin gudu, shi ne ya yi aiki a Laberiya da Saliyo da kuma arewa maso gabas. Daga baya aka sami F-7 na ƙasar Sin, wanda jikan MiG-21 ne, sai JF-17 guda uku a 2021. A wannan shekarar ce kuma aka karɓi A-29 Super Tucano guda 12, masu farfela da kujera biyu, waɗanda aka ƙera musamman domin su daɗe suna shawagi suna duban ƙasa. Cewa matsalar tantancewa ba ta ƙare ba, abin da ya faru a Rann cikin Janairu 2017 ya isa shaida, inda jirgin yaƙi ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira.

Ta fuskar ƙira da gyara kuwa, Kaduna ce cibiya. Makarantar koyon sana'ar jirage da rundunar ta buɗe a 1977 ita ce ta zama AFIT a 2008. A Kaduna aka harhaɗa ƙaramin jirgin koyo Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989. A nan ne kuma aka ƙaddamar da jirage biyu marasa matuƙi na leƙen asiri, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne sunayen nan biyu na Hausa ne, kuma sun dace da aikin jiragen, watau ganin abin da mutane ke ciki a kai rahoto.

7.0 Kammalawa

An ga yadda buƙatar Rasha ta kare kanta daga manyan jiragen bom ta haifi MiG-17, da yadda wannan buƙata ta bayyana a injinsa da fiffikensa da igwansa da ƙarancin mansa. An kuma ga abin da ya faru sa'ad da aka kawo shi Kano a 1967 aka ba shi aikin da ba nasa ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da za ta sayi jirgin yaƙi, kafin ta tambayi gudunsa, ya kamata ta tambayi wane irin yaƙi aka ƙera shi dominsa, wa zai tuƙa shi, wa kuma zai gyara shi bayan shekara goma. Jama'ar da jiragen nan ke shawagi a kansu suna da haƙƙin fahimtar waɗannan tambayoyi da harshensu, kuma kamar yadda misalan zugazugi da kunya da surar shaho suka nuna, Hausa tana da kayan aikin yin wannan bayani. Sauran aiki yana wuyan malamai da ɗalibai, su tattara kalmomin da makanikai da sojoji ke amfani da su a Kaduna da Kano, a tace su, a shigar da su ƙamus.